Daga Napoli zuwa Milan, a kan sawun muryar Caruso

Mutanenmu ta hanyar ƙwallo suka san Napoli. Manya suna tuna Maradona, yara kuma suna tuna shekarar 2023 da Victor Osimhen ya yi ta zura ƙwallaye har ƙungiyar ta ɗauki kofin Serie A bayan shekara 33 tana jira. Shi ya sa duk wanda na gaya wa inda na nufa sai ya ce in gaishe masa da filin wasa. Ni kuwa abin da ya kai ni daban ne. Sawun wani mawaƙi na bi, Enrico Caruso, wanda aka haifa a birnin a 1873, ya zagaya duniya da muryarsa, ajali kuma ya komo da shi gida a 1921.

Ga wanda bai saba ba, opera wasan kwaikwayo ne da galibi ba a magana a cikinsa. Gaisuwa, faɗa, soyayya, har fitar rai, duk da waƙa ake yin su. Makaɗa masu yawa suna zaune a wani rami gaban dandamali suna kiɗa, kuma ba makirfo ba lasifika. Da ƙirjinsa da maƙogwaronsa kaɗai mawaƙi zai keta wannan kiɗa ya isa kunnen wanda ke zaune can ƙololuwar bene. Muryoyin maza kashi-kashi ne, kuma wadda ke tashi sama, wadda Italiyawa ke kira tenore, ita ake ba matsayin saurayi mai soyayya. A wannan fage har gobe da Caruso ake auna kowa. Ni a intanet na fara jin sa, a wani tsohon faifai na 1902. Allura tana ta shuuu kamar ruwan sama a kan rufin kwano, fiyano can nesa da ƙyar ake jin ta, sai kawai ga muryar namiji ta ratso, cikakka, mai ɗumi, kamar a ɗakin yake. Ban san kalma ko ɗaya ta Italiyanci ba a lokacin, amma na san mutumin nan da gaske yake.

Wani ɗan'uwa ɗan Nijar, mutumin Tawa, shi ya sauke ni. Ya daɗe a Napoli yana kasuwanci kusa da Piazza Garibaldi, dandalin da ke gaban babbar tashar jirgin ƙasa, inda za ka ji Hausa da Wolof da Larabci da Bangali duk a layi ɗaya. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ai sunan nan ina ganinsa a jikin gidajen abinci, ban taɓa tambayar ko wane ne ba. Gobe in Allah ya kai mu sai in rufe shago da wuri mu je tare." Haka kuwa aka yi, kuma ba don shi ba da rabin abin da na ji a birnin ya wuce ni, domin Italiyancinsa ya nuna sosai.

Gidan da aka haifi Caruso ba ya cikin wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke cincirindo. Yana arewa da tsakiyar gari, a titin Santi Giovanni e Paolo, kusa da dandalin Ottocalli. Unguwar talakawa ce a da, kuma har yanzu ba ta masu kuɗi ba ce: shanya a tagogi, babura suna kutsawa ta kowace kafa, mata suna kiran juna daga bene zuwa bene. A 2021, da ya cika shekara ɗari da rasuwa, aka mai da gidan ƙaramin wurin tarihi. 'Yan ɗakuna ne ƙanana, mutum kaɗan ke cika su. Nan aka haife shi ranar 25 ga Fabrairu 1873, a cocin da ke maƙwabtaka kuma aka yi masa baftisma. Mahaifinsa Marcellino makaniki ne a masana'anta. 'Ya'ya bakwai mahaifiyarsa Anna ta haifa, uku kaɗai suka rayu. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka kai shi koyon aiki wajen mai haɗa famfunan ruwa na kan titi, uwar ce ta dage sai ya ɗan taɓa karatu, ta haka ya shiga ƙungiyar mawaƙan coci. Ta rasu a 1888, bai kai ko'ina ba tukuna. Daga nan sai waƙa a gidajen shayi da bakin teku, da yi wa samari waƙa a ƙarƙashin tagar 'yan matansu a biya shi 'yan kuɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin ƙuruciyarsa shi ne yarjejeniyar da ya sa wa hannu da malaminsa na waƙa, Guglielmo Vergine. Ba shi da kuɗin biya, sai aka rubuta cewa malamin zai riƙa karɓar kashi 25 cikin ɗari na abin da ya samu har tsawon shekara biyar na waƙa. Daga baya aka so a fassara "shekara biyar" da ranakun da ya hau dandamali kaɗai, wanda da an bi haka da ya tsufa yana biya. Sai da aka je kotu. Yaron da ba shi da gata haka ake yi da shi a ko'ina. Akwai kuma wani hotonsa na farkon fitowa, wanda aka ɗauka a Sisili a 1896, ya yafa zanin gado kamar mutumin zamanin Rumawa, domin rigarsa ɗaya tilo ta fita tana wajen wanki.

Daga can muka gangaro bakin teku, wajen gidan opera na San Carlo, wanda aka buɗe a 1737, tun kafin La Scala ta Milan. Ciki ja ne da ruwan zinariya, benaye shida sun kewaye dandamali. A nan ne Caruso ya zo a ƙarshen Disamba 1901, ya riga ya yi suna a Milan, yana so ya nuna wa mutanen garinsu abin da ya zama. Ya yi L'elisir d'amore ta Donizetti. Masu ba da labari sun kasu: wasu sun ce an yi masa ihu, wasu sun ce an tafa masa, sharhin wata jarida ne kawai ya soke shi. Abin da ba a jayayya a kai shi ne bayan wannan zangon bai sake hawa dandamalin opera a Napoli ba har ya mutu. Ya ci gaba da zuwa, yana cin taliyar garinsu, yana rera waƙoƙinsu na gargajiya a faifai, amma dandamali ya hana su. Na zauna a ɗaya daga kujerun ƙasa ina kallon wurin, na ji zafin abin kamar ni aka yi wa. Yabon bare ba ya warkar da raunin da gida ya yi.

A jikin San Carlo fadar tsofaffin sarakunan Napoli take, Palazzo Reale, kuma a 2023 aka buɗe gidan tarihin Caruso a cikinta. Akwai kayan da ya sa a wasanni, da faya-fayai, da garmaho iri-iri, da zane-zanensa. Ashe gwanin zanen barkwanci ne. Da 'yan layuka kaɗan zai fito da fuskar mutum, kuma wata jaridar Italiyawa ta New York, La Follia, ta daɗe tana buga zanensa. Kansa ma bai bari ba, yakan zana kansa da ƙaton ciki da kumatu.

Amma inda na fi ƙaruwa ba gidan tarihi ba ne. Akwai wani titi a tsohon gari, San Sebastiano, kusa da makarantar kiɗa ta San Pietro a Majella, inda shagunan kayan kiɗa suke. A can muka dace da wani dattijo mai tara tsofaffin faya-fayai. Da mai masaukina ya gaya masa daga Najeriya na zo saboda Caruso, sai ya cire tabarau ya dube ni da kyau, ya jawo mana kujeru. Ya ɗauko garmaho na wani da hannu, irin wanda wasunmu suka tarar a ɗakin kakanninsu, mai hoton karen nan da ke sauraron ƙaho. Ya sa sabuwar allura, ya ce kowane faifai da allurarsa, in ka maimaita tsohuwa ka cuci faifan. Ya wana, ya ɗora.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. A waya da kwamfuta muryar tana zuwa ne a shimfiɗe. A nan kuwa, ba wuta ba batir, allura ce kawai ke bin tsagi tana kaɗa wata 'yar fata, ƙaho yana buɗe sautin, sai muryar ta tsaya a tsakiyar shagon tana da jiki. Wani mai wucewa ya tsaya a bakin ƙofa har aka gama. Na ce wa mai masaukina, "Alhaji, tambaye shi, me ya sa ta fi daɗi a nan?" Dattijon ya amsa da cewa ta ƙaho ta shiga, ta ƙaho ya kamata ta fito.

Sorrento na je na dawo a yini guda, da ƙaramin jirgin ƙasan Circumvesuviana da ke bi ta gindin dutsen Vesuvio da kangon birnin Pompei. Gari ne a kan gaɓa mai tsayi, ga lemon tsami ko'ina. A otal ɗin Excelsior Vittoria na can Caruso ya yi jinya a bazarar 1921. Ciwon ya faro ne a Amurka. Ranar 11 ga Disamba 1920 yana cikin waƙa a Brooklyn jini ya riƙa fito masa ta baki, aka dakatar da wasan. Ya daure ya sake hawa dandamali, na ƙarshe shi ne ranar 24 ga Disamba a gidan opera na Metropolitan da ke New York, a wasan La Juive. Daga nan sai tiyata bayan tiyata a ƙirji, har da cire wani yanki na haƙarƙari. Ya komo Italiya da matarsa Dorothy da 'yarsu Gloria, ya fara samun sauƙi, sai ciwon ya dawo. An kama hanyar Rum da shi don a yi masa aiki, aka yada zango a otal ɗin Vesuvio da ke bakin tekun Napoli, a nan rai ya yi halinsa ranar 2 ga Agusta 1921. Shekararsa 48. Sarkin Italiya Vittorio Emanuele na Uku ya ba da izini aka yi jana'izarsa a cocin sarauta na San Francesco di Paola, mai fuskantar fada, 'yan taku kaɗan daga San Carlo ɗin da ya ƙaurace wa.

Kabarinsa yana maƙabartar Santa Maria del Pianto, a kan tudu wajen filin jirgin sama. Ɗan ɗaki ne na farin dutse da sunansa a goshi. Shekaru da dama gawarsa tana cikin akwatin gilashi, an shafe ta da magani, mutane suna zuwa kallo, sai a 1929 matarsa ta sa aka rufe. Ga wanda ya tashi inda ake binne mamaci kafin rana ta faɗi, wannan abu ne mai nauyi a zuciya, kuma ina ganin matar ta yi daidai. Mutumin da ya bar murya ba ya bukatar a ajiye fuskarsa.

To, muryar a ina aka kama ta? Wannan ne ya sa na yi sallama da mai masaukina na hau jirgin Frecciarossa zuwa Milan, tafiyar kusan awa biyar, ta Rum da Firenze da Bologna.

Milan wata duniya ce. Napoli hayaniya da rana, Milan kuwa sanyi da sauri da kwat. Daga babban cocin Duomo ka ratsa ta rumfar gilashin nan ta Galleria Vittorio Emanuele, inda a zamanin Caruso mawaƙa marasa aiki da dillalan wasanni ke zaman jiran sa'a, sai ka ɓulla gaban La Scala. Daga waje ginin ba shi da wani kwarjini, za ka iya wuce shi ba ka sani ba. An buɗe shi a 1778. Caruso ya fara hawa dandamalinsa ranar 26 ga Disamba 1900 a La bohème, Arturo Toscanini yana jagorancin makaɗa. A watan Maris 1902 kuma ya fito a wata sabuwar opera, Germania ta Alberto Franchetti, wadda yau kusan an manta da ita. A cikin masu kallo akwai wani Ba'amurke, Fred Gaisberg, sa'ansa ne, shi ma 1873 aka haife shi. Gaisberg ya koyi aiki wajen Emile Berliner, wanda ya ƙirƙiro garmaho mai faifai, kuma yana yawo ƙasa-ƙasa da kayan naɗar murya yana yi wa kamfanin Gramophone and Typewriter na Landan farautar mawaƙa.

Sai an san halin da garmaho ke ciki a lokacin kafin a gane girman abin da ya faru. Kayan wasa ake ɗaukarsa. Manyan mawaƙa suna ƙyamarsa, suna ganin zai ɓata musu murya ya zubar musu da daraja. Abin da aka fi naɗa shi ne waƙoƙin barkwanci da kiɗan badujala. Caruso bai yi wannan girman kan ba. Ya ce a ba shi fam ɗari na Ingila ya yi waƙa goma. Gaisberg ya ba da labari daga baya cewa Landan ta aiko da waya ta ce kuɗin ya yi yawa kada a yi, shi kuma ya yi gaban kansa. Masu bincike da yawa suna shakkar wannan wayar, kuma labarin bai bukace ta ba.

Daga La Scala na bi titin Manzoni, tafiyar 'yan mintuna, zuwa Grand Hotel et de Milan. A wannan otal Giuseppe Verdi, shahararren mai tsara opera, ya yi zaman shekarunsa na ƙarshe in ya shigo Milan, a nan kuma ya rasu ranar 27 ga Janairu 1901. Da yana jinya sai da aka shimfiɗa ciyawa a titin don kada ƙarar kofaton dawaki da ƙafafun keken doki ta dame shi. Caruso yana cikin waɗanda suka yi waƙa a taron tunawa da shi a La Scala. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka, ranar 11 ga Afrilu 1902 da rana, ya shigo wannan otal ɗin, ya hau bene zuwa ɗakin da Gaisberg ya mai da wurin aiki. Na shiga na zauna a zauren baƙi na sha shayi, na gaya wa wani ma'aikaci dalilin zuwana. Ya yi murmushi, ya ce har yanzu akwai ɗakin da ke ɗauke da sunan Verdi da wanda ke ɗauke da sunan Caruso. Ban nemi a kai ni ba. Zaman zauren ya ishe ni, na sa abin sauraro a kunne na bi waƙoƙin goma ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda aikin yake a wancan zamani. Ba wutar lantarki a cikinsa ko kaɗan. Mawaƙi zai tsaya gaban wani ƙaho na ƙarfe mai kama da mazurari. Iskar muryarsa ita ke kaɗa wata 'yar fata a ƙarshen ƙahon, fatar ta motsa allura, allurar ta yanka tsagi a kan faifan kaki da ke juyawa. Ƙarfin huhun mutum shi ne injin. In zai ɗaga murya sai ya ja da baya kada allura ta yi tsalle, in zai sassauta sai ya matso har ya kusa cusa kai cikin ƙahon. Fiyano kan ɗora ta ake yi a kan akwatuna don sautinta ya daidaita da bakin ƙaho. Faifan inci goma ne, minti uku ne iyakarsa, gefe ɗaya kawai. Ba a gyara, ba a yanke wani wuri a liƙa wani. Ba ma a iya saurara nan take, domin in ka ɗora allura a kan kakin ka lalata shi. Sai an kai shi masana'antar kamfanin a Hanover ta Jamus an yi masa uwa ta ƙarfe an buga.

A cikin kimanin awa biyu Caruso ya gama goman, Salvatore Cottone yana kaɗa masa fiyano. Biyu daga Germania, biyu daga Mefistofele, sai ɗaya-ɗaya daga Rigoletto, Aida, Manon, Tosca, Iris da L'elisir d'amore. Shekararsa 29.

Na'urar kurma ce ta wani fanni. Ba ta jin sauti mai zurfi sosai, ba ta jin mai tsini sosai, tsakiya kawai take kamawa. Shi ya sa muryoyin mata masu tashi sama suke fitowa a sirance a faya-fayan lokacin, goge kuma ya kusa ɓacewa. Muryar Caruso kuwa tenore ce mai duhu da kauri a ƙasa, ta faɗa daidai inda kunnen na'urar yake. Tana rufe ƙarar allura. Da ya zo shekara goma kafin haka da na'urar ba ta kai ba, kamar yadda manyan mawaƙa da yawa, a can da nan gida, suka tafi da muryarsu kabari sai labari. Da kuma ya yi jinkiri da wani ya riga shi. Rabo ne ya haɗa su a ɗaki ɗaya.

Akwai kurakurai a faya-fayan nan, kuma ina son su da kurakuransu. A waƙar Tosca, "E lucevan le stelle", ya shigo da wuri kafin lokacinsa, sai da shi da mai fiyano suka lalubi juna suka daidaita. A ɗaya daga waƙoƙin Mefistofele ma ya yi saurin shiga. Ba wanda ya ce a sake, haka aka buga aka sayar. Mai sauraro na yau da ya saba da waƙar da kwamfuta ta goge ta tas zai iya ɗaukar wannan aibi. Ni a wurina shi ne shaidar cewa mutum ne tsaye a ɗakin otal, da rana tsaka, yana sauri, bai san cewa bayan shekara ɗari da ashirin wani zai zauna a ƙasan benen yana jin numfashinsa ba.

Wadda na fi maimaitawa ita ce "Una furtiva lagrima". A wasan L'elisir d'amore, wani saurayi ne ɗan ƙauye, talaka, mai suna Nemorino, yake son yarinyar da ta fi shi gata. Ya hango ɗigon hawaye a idonta, daga nan ya gane ashe ita ma tana son sa. Waƙar ba ta bukatar ƙarfi, taushi take so da dogon numfashi. Caruso na 1902 yana fara ta a hankali, yana jan kowane layi ba tare da ka ji inda ya ɗinke ba, muryar tana kumbura tana sauka a kan harafi ɗaya. Ba ya kuka, ba ya nuna gwaninta. Mamaki ne a muryar, na wanda bai taɓa zaton za a so shi ba. Daga baya muryarsa ta ƙara nauyi da duhu, ta zama ta jarumi, kuma faya-fayan Amurka sun fi waɗannan tsabta nesa ba kusa ba. Duk da haka akwai wani sauƙi na ƙuruciya a na Milan da bai sake dawowa ba. Wanda ya san gidan Ottocalli da zanin gadon Sisili zai ji cewa Nemorino ba baƙo ba ne a wurinsa.

Faya-fayan sun isa kantunan Landan daidai lokacin da ya fara fitowa a gidan opera na Covent Garden da ke birnin, ranar 14 ga Mayu 1902, a Rigoletto tare da mawaƙiya Nellie Melba. Wanda ya ji shi a dandamali ya je ya sayi faifai, wanda ya ji faifai ya nemi tikiti, wanda ba shi da garmaho ya saya don ya ji Caruso. Manyan mawaƙan da ke noƙewa suka fara amsa kira. A ƙarshen Nuwamba na shekarar ya sake naɗar wasu a Milan, ciki har da "Vesti la giubba" daga Pagliacci, kukan ɗan wasan barkwanci da ya gano matarsa ta ci amanarsa amma dole ya shafa hoda ya fita ya ba mutane dariya. A wannan zangon Umberto Giordano da kansa ya zauna a fiyano ya raka shi a waƙar Fedora da ya rubuta. Ranar 23 ga Nuwamba 1903 ya fara waƙa a Metropolitan ta New York, inda ya yi wasa sama da 860, a Fabrairu 1904 kuma ya fara aiki da kamfanin faifai na Victor a wani ɗaki cikin ginin Carnegie Hall. Naɗinsa na ƙarshe a Satumba 1920 aka yi shi. Makirfo ya shigo harkar faifai a 1925, shekara huɗu bayan rasuwarsa, saboda haka duk abin da muke da shi na Caruso, faifai wajen 250, ta ƙaho ya bi.

An yi ta ƙoƙarin yi masa kwaskwarima. Tun a shekarun 1930 aka ɗora sabon kiɗa a kan muryarsa, a 1976 aka wanke ta da kwamfuta, wajen shekarar 2000 kuma aka sake haɗa ta da makaɗan Vienna. Na saurare su, ban ga laifin masu niyyar ba, amma muryar tana zama baƙuwa a cikinsu, kamar an yanko ta daga wani wuri. Wanda zai nema a intanet ya nemi waɗanda aka kwafo kai tsaye daga faifan asali, irin aikin da Ward Marston ya yi wa kamfanin Naxos. Dalili na biyu shi ne gudun faifai. A 1902 ba a tsayar da juyi 78 a minti ba tukuna, na Milan kusan 70 suke juyawa. In aka kunna su a 78 sai muryar ta tsananta ta yi sama, ta koma ta wani mutum daban, kuma da yawa daga abin da ke yawo a YouTube haka aka ɗora shi.

Da na fito daga otal ɗin magariba ta gabato. Na tsaya a titin Manzoni na kira mai masaukina na Napoli in gaya masa na iso lafiya na kuma ga wurin. Ya ce tun da na tafi ya koma shagon dattijon nan shi kaɗai, ya sa an sake kunna masa faifan, yanzu haka ma ciniki suke yi a kan wani ƙaramin garmaho da yake so ya kai Tawa. Ya tambaye ni ko allurar tana samuwa a Kano. Na ce zan bincika masa a Sabon Gari in na koma, amma ya sayi gwangwani biyu a can ya riƙe.